Kundin Horon Sintirin Ceto a Kan Allon Zamiya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka ba mu sakamakon jarrabawar agajin gaggawa, na ci, alhamdu lillahi. Wata uku ke nan muna zaman aji daren Talata da Alhamis. Abin da ya rage shi ne mai wuyar, shi ya sa na buɗe wannan kundi, in riƙa ajiye lissafin kuɗi da na kurakurai wuri guda.

Ga wanda bai san zancen ba: a tsaunukan jihar Kolorado, kowane filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yana da 'yan sintiri masu jar riga da farar alamar agaji a baya. Su ke duba hanyoyi da sassafe, su kafa alamu, su sauko da wanda ya karye, da yamma kuma su bi dutsen kaf don kada a rufe da mutum a sama. Wasu albashi suke karɓa, wasu 'yan sa-kai ne. Ni sa-kai na shiga, ranakun Asabar, domin sauran mako ina aikin nas a asibiti a Aurora.

Uwar ƙungiyar ita ce National Ski Patrol, hedkwatarta na Lakewood, nan gefen Denba. Charles Minot Dole ya kafa ta a 1938. Shekara biyu kafin nan ya karye a idon sawu a Stowe, jihar Bamont, babu mai ɗauko shi, sai a kan guntun kwanon rufi aka janyo shi ƙasa. Bayan 'yan makonni abokinsa Frank Edson ya yi karo da bishiya a wata gasa ya rasu. Daga nan aikin ya samo asali.

Mu 11 ne a rukuninmu. Bakwai suna kan siki, wato dogayen sanduna biyu, kowace ƙafa da tata. Mu huɗu muna kan allo, ƙafa biyu ɗaure a abu ɗaya, muna tafiya a kaikaice. An tsara aikin nan da kayansa tun kafin a san allo, saboda haka komai don masu siki aka auna shi. Har yau akwai filaye uku a Amurka da ba a yarda da allo ba sam: Alta da Deer Valley a jihar Yuta, da Mad River Glen a Bamont.

Kuɗin da ya fita zuwa yanzu: kwas da littafi da rajista, dala 520.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar farko a kan dutse. Na fita gida ƙarfe 4:45, na yi asuba a mota bayan na ratsa ramin Eisenhower, wanda babbar hanyar mota ta I-70 ke bi ta cikin dutse, inda hanya take kai wajen mita 3,400 sama da teku.

Shekara shida ina hawa allo, na ɗauka za a gwada mu a wurare masu tsauri. Malamarmu, dattijuwa mai kusan shekara sittin, ta kalle mu sau ɗaya muna saukowa, ba ta ce uffan ba. Sai ta kafa tutoci layi biyu, tsakaninsu bai fi faɗin mota ba, ta ce mu sauko a ciki allo a gicciye, muna kankarar ƙanƙara da gefe ɗaya, kada mu fita layi, kada mu tsaya, kada gudu ya canza. Awa biyu a gefen diddige, awa biyu a gefen yatsu. Cinyoyina har rawa suke da muka gama. A gefen diddige ina iya riƙe layi. A gefen yatsu kuwa, inda fuska take kallon sama, ƙasa tana bayanka, kullum sai na karkace hagu.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau muka fara taɓa tobogan, abin da ake sauko da mai rauni a ciki. Kamar ƙaramin kwale-kwale yake, ya ɗan fi tsawon mutum. A gaba yana da dogayen hannuwa biyu na ƙarfe, mutanen wajen suna ce musu ƙaho, mai ja yana shiga tsakaninsu. A ƙarƙashin goshinsa akwai sarƙa: in ka sake ta sai ta shige ƙarƙashi ta zama birki. A can baya ta ƙasa akwai ƙarafa masu kaifi da ke hana wutsiyar zamewa gefe. Sai igiyar baya, wadda mutum na biyu yake riƙewa.

Abin da malama ta yi ta nanatawa: ka danna ƙaho ƙasa, sarƙa ta ciji, ka ɗaga sama, ƙarafan baya su kama. Hannu ke magana da tobogan, ba ƙarfi ba.

Mai siki yana shiga tsakanin ƙahonni ƙirjinsa na kallon gaba, kamar an ɗinka masa. Ni kuwa in na miƙe allo, jikina a kaikaice yake, ƙaho ɗaya a cikina, ɗaya a gadon bayana. Da fanko muka yi yau, sau takwas. Sau biyu wutsiyar allona ta doki goshin tobogan da na zo juyawa. An ce in ƙara matsawa gaba, zuwa bakin ƙahonnin.

Asabar, 14 ga Disamba

Fanko dai, da ɗaure igiyoyin shinge. Takalmina ya yi laushi, diddige na ɗagawa a ciki. Na sayi mai tauri, dala 290.

Asabar, 21 ga Disamba

Ashe matsalar mai allo ba gangare ba ce, shimfiɗaɗɗen wuri ne. A ƙasan hanyar da muke atisaye akwai wani miƙaƙƙen fili, wajen mita 200, kafin a kai ɗakin agaji. Mai siki yana tura ƙafa dama da hagu ya wuce. Mu sai gudu ya ƙare mana a tsakiya, mu durƙusa mu kwance ƙafar baya, mu yi ta dogarawa da ƙafa ɗaya muna jan kaya. Da buhunan yashi a ciki, minti shida na yi a wurin da mai siki ya yi ɗaya da rabi.

Abin ya tsaya min a rai har gida. Na ƙudura cewa in na zo gangaren ƙarshe zan riƙa ajiye gudu don ya kai ni.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Zan rubuta wannan dalla-dalla, don laifina ne kuma ba na so in manta yadda ya faru.

Yau aka fara sa mana mutum a ciki. Wadda ta kwanta a nawa abokiyar horonmu ce, malamar firamare, an naɗe ta da bargo an ɗaure da maɗauri uku. Malama ta riƙe igiyar baya. Saman hanyar lafiya lau, ina kan gefen diddige, fuska ƙasa, ƙahonni a ƙugu. Da muka doshi gangaren ƙarshe, wanda yake cikin inuwar itatuwa, na san ya kamata in saki sarƙa tun kafin goshin tobogan ya leƙa. Ban saki ba. Filin nan na ƙasa nake tunani.

Jiya rana ta ɗan narkar da wurin, dare ya mayar da shi kamar gilashi. Ina shiga na ji ƙarar allo ta canza, daga shuu ta koma ƙarrr. Gefen diddige ya suɓuce, na zauna daɓas. Tobogan da mutum a ciki ya fi kilo 100, ya taho ya daki bayana, ya fara tura ni. Hannuna na dama ya murɗe a kan ƙaho, amma ban saki ba, don abu ɗaya da aka hana mu ko da wasa ke nan. Na nemi igiyar sarƙa da hagu, safar hannu ta hana ni kamawa. Sai na ji an fizge mu ta baya. Malama ce ta kafa sikinta a gicciye ta kwanta da nauyinta a kan igiya. Mun ja ta wajen mita takwas kafin komai ya tsaya.

Shiru na ɗan lokaci. Na juya na tambayi wadda ke ciki ko lafiya, ta ce lafiya, amma muryarta na rawa.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Me ya hana ka sakin sarƙa?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Filin ƙasa matsalata ce, ni zan zo in ja ku. Gangare ne naka." Sai ta ce a kwance abokiyar tawa, ni in shiga.

Ban taɓa kwanciya a ciki ba sai yau. An ɗaure hannuwana cikin bargo. Ba ka ganin hanya, ba ka ganin mai janka, sai sama da kawunan itatuwa suna wucewa. Kowane ɗan tudu a kashin bayanka yake sauka. Da aka saki sarƙa na ji gurnaninta a ƙarƙashina, tobogan ya lafa, sai a lokacin na lura ashe na riƙe numfashi. Shekara 12 ina tura marasa lafiya a kan gado a asibiti, ban taɓa jin abin daga wannan ɓangaren ba.

A gida uwargida ta ga yadda nake cire riga da hannu ɗaya. Ta ce, "Abban yara, wannan abu dole ne?" Na ce ba dole ba ne. Ta gasa min kafaɗar da ruwan zafi, ba ta ƙara magana ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ban je ba. Kafaɗa ba ta goce ba, jijiya ce ta ji jiki. Na kai allo a wasa gefensa, dala 45. Mai gyaran ya shafa da babban yatsa ya ce gefen diddigen ya daƙushe tun tuni. Wannan ma sakacina ne.

Asabar, 18 ga Janairu

Sanyi mai tsanani. Ma'aunin ɗakin sintiri na sama ya nuna digiri 24 ƙasa da sifili da safe. An hana ni ƙaho sai kafaɗa ta warke, aka haɗa ni da wani tsohon ɗan sintiri in bi shi.

Wajen ƙarfe 11 aka kira a oba-oba: yaro ya faɗi. Ɗan shekara 14 ne, mai allo, ya tokare da hannu. Masu allo galibi wuyan hannu da kafaɗa suke karyewa, masu siki kuma gwiwa. Na kafa allona can sama da shi, maɗaurai a ƙasa, don masu saukowa su kauce kuma kada ya gudu, tunda allo ba shi da birki, in ya kuɓuce sai abin da ya tare shi.

Na durƙusa na fara abin da hannuna ya saba: zuge riga, naɗe hannun riga, in ga wurin sosai. Dattijon ya dafa ni ya ce, "Sa masa wani abu a ƙarƙashi tukuna." Yaron a kan dusar ƙanƙara yake zaune, leɓɓansa sun fara canza launi. A asibiti ɗaki da ɗumi, haske ya wadata, kana buɗe mutum yadda kake so. A nan duk abin da ka buɗe zafin jiki ne ke fita, kuma da ya sauka ƙasa da digiri 35 ka ƙara masa wata cutar a kan karaya. Muka shimfiɗa masa jaka, na leƙa ta bakin safar hannu na ga kumburin, na duba yatsu suna motsi suna ji, muka sa karan ɗori a kan rigar, muka rataye hannun. Minti bakwai aka ɗaga shi.

Ƙananan abubuwan da na koya yau: filasta ba ta kamawa a irin wannan sanyi, biro yana daskarewa, sai fensir, batirin oba-oba kuma a cikin riga ake ɓoye shi. Alwala a ɗakin sama na yi da ruwan fulas.

Asabar da Lahadi, 1 da 2 ga Fabrairu

Kwana biyu kan zaftarewar dusar ƙanƙara. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawan mutanen da wannan abu ya kashe, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafa. Dusar farkon hunturu ba ta da kauri, sanyi ya yi yawa, sai ta ƙasan ta rikiɗe ta zama tsaba-tsaba ba ta haɗuwa. Mun haƙa rami har ƙasa, malamin ya ce in sa hannu a gindin. Na damƙo, ta zube ta tsakanin yatsuna kamar sukari. A kan wannan ne dusa mai tauri ta wata biyu take zaune. Yawanci a gangare mai digiri 30 zuwa 45 take ɓallewa. Cibiyar jihar mai lura da zaftarewa tana fitar da hasashe kullum, mataki 1 zuwa 5, an ce mu riƙa karantawa kafin mu fito ko da a cikin fili za mu yini.

Kaya uku ne ba a rabuwa da su: na'urar nema da ake ratayawa a ƙirji, mai aika sigina don a gano wanda dusa ta binne, sandar caka mai naɗewa, da shebur. Duk na'urorin, ko wane kamfani ya ƙera, a zango ɗaya suke magana, kilohaz 457. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan rabin awa lissafin ya juye.

Nema na farko minti tara ya ɗauke ni, kibiyar na'urar tana ta yawo. Wayata ce a aljihun ƙirji, dab da ita. Ƙa'ida: tazarar santimita 20 in tana aikawa, 50 in kana nema. Na mayar da wayar jaka, na biyu ya zo minti huɗu da 'yan daƙiƙu. A cikin tarkacen zaftarewa allo ba ya amfani, cire shi ake a bi da ƙafa, kuma na ga a nan mun fi masu siki sauri, don takalminmu na tafiya ne.

Tono ya fi nema wuya. Dusar da ta zaftare tana ƙanƙamewa kamar siminti, mutum a zurfin mita ɗaya sai an kwashe sama da tan ɗaya. Ba a kansa ake tonawa ba, daga ƙasa ake farawa a nufo shi, mu huɗu a jere, ana canza na gaba kowane minti biyu. Mu Hausawa mukan ce kowa ya iya allonsa ya wanke. A ramin nan babu wannan.

Na'ura dala 330, sanda 70, shebur 60.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Atisayen sauko da mutane daga kujerun lilo, waɗanda ke rataye a waya suna kai mutane saman dutse, in inji ya tsaya. Jefa igiya kan waya, ɗaga ƙaramar kujera, sauko da mutum a hankali. Na koma ƙaho da buhunan yashi, kafaɗa ta riƙe.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hutun ƙarshen mako mai tsawo, hanyar I-70 ta cushe, awa uku da rabi a dawowa.

Na riƙe igiyar baya a kan mai rauni na gaske karon farko, wani magidanci da gwiwarsa ta murɗe. An kwantar da shi kai ƙasa, ƙafa sama, don ƙa'idar ita ce rauni ya kalli tudu. Aikin mai igiya shi ne ya tsaya daidai saman tobogan, igiya ba sako-sako ba, ba kuma a ɗame ba. A gefen diddige allo ya dace da wannan ƙwarai, faɗinsa duka birki ne.

Mun ragu. Ɗaya daga cikin masu allo ya bari saboda aiki, ɗaya kuma ya ce zai koma koyon siki ya dawo baɗi. Ban ga laifinsa ba, amma ban yarda cewa sai da siki ake aikin nan ba. Abin da muke rasawa a fili muna samunsa a gangare, in dai mun yarda a ja mu inda ya kamata a ja mu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mutum a ciki, sau biyar, sarƙa tun kafin gangare kowane karo. Wadda na zame da ita ce ta ce ita za ta fara kwanciya.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗaya ga Ramadan. Na yi sahur ƙarfe huɗu na kama hanya. A irin wannan tsayi iska busasshiya ce, numfashi kaɗai yana ƙarar da ruwan jiki. Har azahar ina lafiya. Wajen ƙarfe biyu na miƙe daga ɗaure allo sai na ga duhu-duhu. Na je na gaya wa malama cewa ina azumi kuma ba zan shiga ƙaho da mutum ba yau. Ta ce ta gode da na faɗa, ta sa ni gyaran alamu. Na sha ruwa da dabino a gefen hanya kafin ƙarfe shida.

Na yi magana da limaminmu daren nan. Tafiyar ta haura kilomita 100, ya ce rangwamen matafiyi ya hau kaina, in na sha in rama. Na yanke cewa ranar jarrabawa kaɗai zan ɗauka.

Asabar, 8 ga Maris

Da azumi. Fanko da safe, sharar dutse da yamma: kowa ya ɗauki hanya ɗaya yana saukowa a hankali, yana kira, yana leƙa gindin itatuwa, don ramin da ke zagaye da gindin bishiya yana haɗiye mutum ta ka.

Asabar, 15 ga Maris

Jarrabawa. Fanko na ci, igiyar baya na ci. Da mutum a shimfiɗaɗɗen gangare na ci. Na faɗi a hanya mai tuddai, wadda zamiyar mutane ta mayar kamar kunyoyin doya. Ana so ka bi kwarin da ke tsakaninsu. Ni na hau kan wani tudu, allona ya tsaya a sama, goshin tobogan ya ɗaga, sarƙa ta bar ƙasa, ya zabura taku biyu kafin in danne. Ba wanda ya ji ciwo, amma masu dubawa sun gani, kuma daidai suka yi. An ba ni mako biyu.

Asabar, 22 ga Maris

Da safe kawai, da buhunan yashi, hanyar tuddai sau tara. Dabarar da dattijon nan ya nuna min: in daina kallon inda allona zai bi, in zaɓi inda cikin tobogan zai bi, ni in goga gefen tudun.

Asabar, 29 ga Maris

Na ci. Malama ce ta kwanta a ciki da kanta. Da muka iso filin ƙasa gudu ya ƙare a tsakiya, wani mai siki ya miƙo min sandarsa ya ja mu har ƙofar ɗakin agaji. Ta fito ta karkaɗe dusa ta ce in je a auna ni riga.

Jimillar kuɗi: kaya da kwas dala 1,315, mai kusan 600. Riga da jakar agaji za su ci wajen 250, sai albashin Afrilu.

Abin da ke gaba: Asabar uku kafin a rufe fili, duka a ƙarƙashin wani babba, ba zan amsa kira ni kaɗai ba sai baɗi. Gefen yatsu har yanzu yana karkacewa hagu in na gaji, shi zan sa a gaba. Ramuwar azumi biyu, 15 da 29. Gobe sallah, na yi wa yara alkawarin ba zan taɓa mota ba sai ta masallaci.